Ciwo ba ya jiran ƙarshen wata: wa ya kamata ya biya kuɗin emajansi?

Wajen ƙarfe biyu na dare wayata ta yi ƙara, ƙanwata ce, muryarta na rawa. "Yaya ka zo, maigidan ne, sun ce sai an yi masa aiki yanzun nan." Mutumin da ya ci abincin dare lafiya lau har yana tsokanar yara, kafin tsakar dare ya naɗe a ƙasa yana riƙe da gefen cikinsa na dama. Afendis ne, kuma likita ya ce ya kusa fashewa.

Da na isa asibitin ban fara ganin likita ba, taga na fara gani. Wata 'yar taga mai ƙarfe, da kashiya a ciki yana gyangyaɗi, ya turo min takarda ta ƙasan gilashi ba tare da ya ɗago kai ba. Abin da aka rubuta a jiki ya kusa kai abin da surukin nan nawa ke samu a wata huɗu, kuma wai wannan diposit ne kawai, ban da jini, ban da sikanin, ban da magungunan da za a rubuto a je a sayo a waje. Na ce masa Malam a taimaka a fara aikin mana, da safe za mu cika. Ya ce min shi ma ɗan aike ne, ba rasit ba tiyata. Daga nan sai waya, ka kira wannan a kashe, ka kira wancan ya ce wallahi jiya-jiyan nan ya biya kuɗin makaranta, ka kira wanda shekara biyu rabonka da gaishe shi kana jin nauyi amma ya za ka yi. Kafin asuba dai kuɗi sun haɗu, an yi aiki, ya rayu alhamdulillahi. Amma keken ɗinkin da yake ci da iyalinsa da shi, shi aka sayar aka biya basussukan daren nan.

Abin da ya tsaya min a rai tun lokacin shi ne maganar da wani ya yi washegari a bakin wod, wai ai da ya yi tanadi. Kuma na san mutane da yawa haka suke tunani, har da masu tsara manufofin gwamnati, cewa rashin lafiya kamar kuɗin haya ne ko kuɗin makaranta, abu ne da mai hankali zai ware masa wani abu duk wata. To ni dai ban yarda ba, kuma bari in faɗi dalili.

Haya ka san ranarta, ka san nawa ce. Ciwon gaggawa ba ka san ranarsa ba, ba ka san nawa zai ci ba, ba ka ma san ko kai zai faɗa wa ko maƙwabcinka ba. Mutum ɗari za su yi shekara lafiya, biyu ko uku ne mota za ta buge ko haihuwa ta zo da gardama sai an yi aiki, kuma abin da zai faɗo kan waɗannan biyun ya fi ƙarfin duk wani asusun da mai ƙaramin ƙarfi zai iya tarawa ko da ya hana cikinsa. Sannan a duk cinikin duniya kana da damar ka taya, ka ce ya yi tsada, ka leƙa gaba. A nan fa? Wa ya taɓa ɗaukar matarsa tana zubar da jini ya ce bari in zagaya in ji farashin asibitin gaba? Wanda ke sayar maka da aikin shi ne kuma yake faɗa maka kana buƙatarsa, kai ba ka da ilimin da za ka musa. Tun 1963 wani masanin tattalin arziki ɗan Amurka, Kenneth Arrow, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel, ya yi rubutu a kan wannan, cewa kiwon lafiya ba ya bin ƙa'idar kasuwa irin ta sauran kaya sabida rashin tabbas da kuma ratar sani tsakanin likita da mara lafiya. Shekara sittin da wani abu kenan, amma har yau ana yi wa mutum a bakin taga kamar wanda ya zo sayen talabijin.

Kuma abin ba na gida ɗaya ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya suka fitar a 2023 ya ce kusan mutum biliyan 1 ne ke kashe sama da kashi 10 cikin 100 na kuɗin gidansu a kan magani daga aljihunsu, sannan wajen biliyan 1.3 kuɗin magani ya jefa su talauci ko ya ƙara dulmiyar da su ciki. A ɓangaren tiyata kaɗai, kwamitin da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta a 2015 cewa duk shekara mutum miliyan 33 ne kuɗin aikin ke karya su, wasu miliyan 48 kuma abin da ke kewaye da aikin ne ke karya su, wato kuɗin mota, abinci, wurin kwanan mai jinya. Wannan adadi na biyun ya fi ba ni tsoro don shi ne ba ya fitowa a rasit. Ƙanwata sati uku ba ta yi sana'arta ba tana zaman jinya, shi kuma wata biyu bai iya zama a kan keke ba, babu wanda ya rubuta wannan a ko'ina.

Kar ma wani ya ce ai matsalar ƙasashe matalauta ce. Amurka ta fi kowace ƙasa kashe kuɗi a kan lafiya, amma a 2023 mutum wajen miliyan 26 ne ba su da inshora a can. Abin da zai ba ka haushi ma shi ne yadda farashin yake, asibiti na da farashin da ya rubuta a littafinsa, kamfanonin inshora kuma sun zauna sun yi ciniki an rage musu sosai sabida suna kawo dubban marasa lafiya, to shi wanda ya shigo shi kaɗai ba kati ba kamfani a bayansa, sau da yawa shi ake turo wa cikakken farashin nan. Wanda ya fi kowa rashin ƙarfi shi ake ɗora wa kaya mafi nauyi. A 1986 suka yi dokar da ta tilasta wa asibitoci su duba duk wanda ya zo emajansi su ceto shi ko yana da kuɗi ko babu, doka mai kyau wallahi, sai dai ba ta ce kyauta ba ne, bil ɗin zai biyo ka gida bayan an sallame ka, in ka kasa biya a miƙa ka ga masu karɓar bashi.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake ganin shi ne asalin cutar. Ƙasashe da yawa suna da irin wannan doka a takarda. Kundin tsarin mulkin Afirka ta Kudu ya ce kar a hana kowa kulawar gaggawa, na Kenya na 2010 ma haka, dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ita ma ta faɗa. Amma doka ba ta sayen iskar oksijin. In ka ce wa asibiti dole ka karɓi kowa, ba ka faɗa masa wa zai biya shi ba, to ka bar shi da zaɓi biyu ne, ko ya yi ta aiki a bashi har ya rufe, ko ya kafa taga ya sa kashiya. Shi ya sa ma ban cika ganin laifin kashiyan daren nan ba, duk da a lokacin ji na yi kamar in fasa gilashin. Mai asibiti yana biyan nas, yana sayen mai na janareta, yana sayen zaren ɗinki da allurar barci, kuma ya sha ganin waɗanda aka yi wa aiki suka sulale cikin dare. Inda ban yafe ba shi ne asibitocin da ke tsare mara lafiya bayan ya warke, ko mai jego da jaririnta, har ma gawa, wai sai an biya. Cibiyar Chatham House da ke Landan ta fitar da bincike a kan wannan a 2017, ta nuna ana yi a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Bashi bashi ne, akwai kotu, asibiti ba gidan yari ba ne.

To mene ne mafita, kowa ya je ya yi inshora? Da baki abin da sauƙi. Matsalar inshorar ganin dama ita ce wa ke zuwa ya yi rajista. Saurayi mai jini a jika da bai taɓa kwanciya a asibiti ba zai ce me zai sa in riƙa zuba kuɗi duk wata a kan ciwon da ban yi ba, sai mai hawan jini da mai ciwon suga da mai ciki su ne za su cika layi, asusun ya zama masu ɗiba sun fi masu zubawa, sai a ƙara kuɗin wata, sai sauran masu lafiyar su ma su gudu. Ga kuma mai sana'ar hannu da ba shi da albashin da za a cire a ciki, yau ya samu gobe babu. Ga waɗanda suke da kati amma an sha ce musu wannan magani ba ya cikin tsarin, je ka saya, har suka daina yarda da abin gaba ɗaya, kuma ba za ka ga laifinsu ba. Akwai ma masu ƙyamar inshora ta fuskar addini, duk da cewa tsarin takaful, wato inshora irin ta Musulunci, ya daɗe da amsa wannan, tun 1979 aka kafa kamfanin inshorar Musulunci na farko a Sudan.

Ƙasashen da suka ci nasara ba jira suka yi kowa ya ga dama ba. Birtaniya ta kafa tsarinta a 1948, lokacin ƙasar na fama da bashin yaƙi, ta ce haraji ne zai biya, mara lafiya ba ya ciro ko kwabo a bakin ƙofa. Wanda ya fi burge ni shi ne Tailan, don ba ƙasa ce mai arzikin Turai ba, kuma ba ta daɗe da fita daga rikicin tattalin arzikin 1997 ba ta kawo tsarin biyan baht 30 (baht shi ne kuɗin ƙasar) wanda ya game ƙasar a 2002, ka biya ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, sauran daga haraji. A 2017 kuma suka ƙara da cewa wanda ke tsakanin rai da mutuwa a kai shi asibiti mafi kusa, na gwamnati ko na kuɗi, awa 72 na farko ba a tambayarsa komai, asusu ne zai biya asibitin. Ghana ta yi nata a 2003 don ta kashe tsarin sai ka biya a duba ka, ta ɗora kashi 2.5 a kan harajin kaya don ciyar da asusun, sai dai ita tata matsalar jinkirin biyan asibitoci ne, wata da watanni suna bin bashi, wanda ke sa wasu su koma karɓar kuɗi a hannu. Darasin da ke ciki a fili yake, in asusu ba ya biya a kan lokaci taga za ta dawo ko da doka ta hana.

Gaskiya ɗaya da ya kamata masu irin ra'ayina mu riƙa faɗa, inshora ba ta warkar da mutum da kanta. A jihar Oregon ta Amurka a 2008 an yi ƙuri'a aka ba wasu talakawa inshorar gwamnati wasu ba su samu ba, masana suka bi su suna kwatantawa. Bayan kamar shekara biyu ba a ga wani bambancin a zo a gani ba a hawan jininsu ko kitsen jini. Amma kuɗin asibiti mai karya gida kusan ya ɓace a wajen waɗanda suka samu, bashi ya ragu, ciwon damuwa ma ya ragu sosai. Wasu sun ɗauki wannan a matsayin hujjar cewa abin bai yi amfani ba. Ni kuwa da na tsaya a bakin tagar nan ina lissafin wa zan kira na gaba, na san me ake nufi da a cire wa mutum wannan fargabar.

Yanzu abin da ya maye gurbin asusu a wurare da yawa shi ne roƙo a intanet. Hoton yaro a gadon asibiti, lambar akawu a ƙasa, a taimaka a yaɗa. Allah ya saka wa masu bayarwa, ni ma ina turawa in da hali, amma mu faɗa wa kanmu gaskiya wannan caca ce. Wanda ke da hoto mai taɓa zuciya ko ya san wani mai mabiya da yawa a Facebook zai samu cikin kwana biyu, dattijon da ƙodarsa ta tsaya kuma ba shi da mai ɗaukar masa bidiyo ko oho. Sannan sai mutum ya tallata ciwonsa da talaucinsa a gaban duniya kafin a duba shi, ga 'yan damfara da suka shigo suka ɓata wa masu gaskiya suna.

Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi zai tafi lafiya, ƙalilan ne suka taɓa cikawa. Ni ban ma kai ga neman a yi komai kyauta gobe da safe ba, na san ba kowace gwamnati ke da wannan ƙarfin ba. Abin da nake cewa a fara da ƙofar emajansi, haɗarin mota, haihuwar da ta zo da matsala, cikin da ke buƙatar wuƙa a daren, kwana biyu ko ukun farko a biya daga asusun da kowa ya zuba ta hanyar haraji tun yana da lafiya, a kuma riƙa biyan asibitin cikin makonni ba shekara ba, tare da masu bin diddigi don kar wasu su riƙa rubuto marasa lafiyar bogi. Sauran jinya a ci gaba da gardama a kai.

Surukin nawa yanzu a shagon wani yake ɗinki, ana raba kuɗin aiki biyu, rabi nasa rabi na mai keke. Rannan na leƙa shi, ya ɗaga riga ya nuna min tabon, ɗan ƙarami ne bai fi tsawon yatsa ba, ya ce saura mutum biyu ya gama biya.