Ɗan tauraron da ke gaban *-teros ba alamar shaci-faɗi ba ne

Akwai masu ilimi da ke yi wa masana harshe kallon 'yan duba. Hujjarsu ita ce, harshen da ake cewa shi ya haifi Girkanci da Latinanci da Sanskirit (tsohon harshen Indiya) da Farisanci da Turanci, ba a taɓa tsintar ko layi ɗaya nasa a rubuce ba, kuma masu magana da shi sun kwanta dama shekaru kusan 5,000 da suka wuce. To wa ya ji su? Ni ban bi wannan ra'ayi ba, kuma ɗafa-ƙeya guda ɗaya na wancan harshen, wato guntun da ake liƙa wa ƙarshen kalma, *-teros, ya ishe ni shaida.

A Girkanci, sophos mai hikima ne, sophoteros kuwa wanda ya fi hikima. Sanskirit na yin wannan aiki da -tara. Bafarishe har gobe yana cewa bozorg, babba, bozorgtar, wanda ya fi girma. Da a nan aka tsaya, sai a ce ai ma'anarsa "fi" ce kawai, kamar tamu.

Amma duba Latinanci. Dexter dama, sinister hagu. Noster namu, vester naku. Alter, ɗayan cikin biyu. Ina fifiko tsakanin dama da hagu a nan? Babu. Abin da ke akwai shi ne abu biyu suna fuskantar juna, ana nuna ɗaya don a ware shi daga abokinsa. Tambayar "wanne cikin biyun?" ma da shi aka gina ta: poteros a Girkanci, katara a Sanskirit, whether a Turanci. Masanin Faransa Émile Benveniste ya yi bayanin wannan a 1948: aikinsa na asali warewa ne, fifiko daga baya ya tsiro. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne, har harsunan da ɗafa-ƙeyan ya daina haifar da sababbin kalmomi a cikinsu sun adana tsohuwar ma'anar, a 'yan kalmomin da mutum ke furtawa kullum ba tare da ya lura ba.

Sautukan ma ba su sauya barkatai ba. Inda Latinanci ke da t, Turanci na da th: tres da three, frater da brother, haka kuma wutsiyar other da whether. Tun 1822 masanin Jamus Jacob Grimm ya tsara wannan ƙa'ida. Gaskiya ne masana na saɓani kan yadda aka furta wasu sautukan, shi ya sa suke sa ɗan tauraron (*) a gaban kalma, don su faɗa wa mai karatu cewa gano kalmar aka yi, ba karanto ta ba. Wannan riƙon amana ne.

Ɗafa-ƙeyan ya ma iso bakinmu. Magister na Latinanci shi ne na sama cikin biyu, minister na ƙasa, mai hidima. Ta hanyar Turanci suka zama majistare da hedimasta da minista.

Abin da ya sa na damu da wannan batu shi ne yadda ake tattauna asalin Hausa. Mutum zai ji kalma ɗaya ta yi kama da ta Indiyanci ko Ibrananci, sai ya yanke hukunci a kan tarihin al'umma guda. Kama da wane ba ta wane. Dangantakar harsuna a ƙananan gaɓoɓi take ɓuya, waɗanda ba a cika aro ba: ma- na mabuɗi da masauki kusa da miftah da maktab na Larabci, ko "ta" mai nuna mace da ke bayyana a Hausa da Larabci duka. Da irin wannan awo Paul Newman da Roxana Ma suka fara sake gina kalmomin tsohon harshen Cadi, wato kakan Hausa da 'yan'uwanta, a 1966.

Masu nazarin harsunan Indiya da Turai sun tarar da rubuce-rubuce na dubban shekaru. 'Yan'uwan Hausa irin su Bolanci da Ngizim da Bade da Angas a bakin dattawa galibin tsohuwar dukiyarsu take, yara kuma suna komawa Hausa. Sassan nazarin harsuna na jami'o'in Kano da Zariya da Maiduguri da Yamai ya kamata su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya zuwa garuruwan nan tun dattawan na da rai.