Kofin Bob Willis na 2020: an ceci kaka, amma wasan ƙarshe ya bar baya da ƙura

Duk wanda ya ce kakar kurket ta cikin gida da aka buga a Ingila a 2020 wasan yara ce, bai duba yadda aka tsara ta ba. Kaka ce da ya kamata ta fara a watan Afrilu, korona ta hana, ba a jefa ƙwallo ko ɗaya ba sai ranar 1 ga Agusta. Wata biyu kacal suka rage kafin sanyi da ruwa su rufe filaye. Hukumar kurket ta Ingila da Wels ta ajiye gasar gundumomi da aka saba, ta kafa wata ta wucin gadi da sunan Bob Willis, shahararren mai jifan ƙarfi na Ingila da ya rasu a Disamban 2019.

Ƙungiyoyi 18 aka raba rukuni uku bisa kusancin gari: arewa, tsakiya, kudu, kowane rukuni shida. Dalili shi ne a rage doguwar tafiya da kwanan otal. Kowace ƙungiya wasa biyar ta buga, kowane wasa kwana huɗu. Wasu ma ba su taka filinsu ba. Filin Hampshire da na Lancashire, wato Old Trafford, an killace su domin wasannin ƙasa da ƙasa, sai Hampshire ta koma Arundel, Lancashire ta koma Liverpool. Leicester kuwa gari ne da aka sake kullewa, don haka wasan ƙungiyarsu, Leicestershire, da Lancashire a Worcester aka yi shi. 'Yan kallo babu. Gwajin da aka shirya na barin wasu su shiga, gwamnati ta soke shi ana gobe za a fara.

Inda na fi yaba wa masu tsarin shi ne dokoki huɗu da suka sauya, duk domin jikin masu jifan ƙarfi. Mai jifan ƙarfi yana sheƙowa da gudu, ya dire da ƙafar gaba, nauyin jikinsa ninki da yawa ya sauka a idon sawu, gwiwa da ƙashin baya. Jiki sai da sabo yake ɗaukar wannan. Mutumin da ya shafe watanni a gida, sannan aka ba shi 'yan makonni na atisaye, idan aka sake shi ya yi oba ashirin da biyar a yini, wato jifa shida-shida sau ashirin da biyar, tsagewar ƙashin ƙugu ce ke jiransa, kuma wannan jinya ce ta watanni. Saboda haka aka rage obar yini daga 96 zuwa 90. Aka ce zangon farko na kowace ƙungiya, wato karon farko cikin biyu da take bugu, ba zai wuce oba 120 ba, ko da ba a fitar da masu bugu goma ba. Ratar da ke ba kyaftin damar tilasta wa abokan hamayya su sake bugu nan take aka ɗaga ta daga gudu 150 zuwa 200 (gudu shi ne cin da masu bugu ke tarawa), don kada masu jifa su yi zango biyu a jere ba hutu. Sabuwar ƙwallo kuma sai bayan oba 90 maimakon 80, abin da ya sa kyaftin ya fi jingina da masu murza ƙwallo, waɗanda jifansu bai cin jiki sosai. An kuma ƙara makin canjaras daga 5 zuwa 8, nasara tana nan a 16, domin a gasar wasa biyar ruwan sama na kwana biyu zai iya kashe ƙungiya ba laifinta.

Sai maganar yawu. Ƙwallon kurket fata ce da ɗinki a tsakiya. 'Yan wasa kan shafa wa gefe ɗaya yawu su goge a wando har ya yi sheƙi, ɗaya gefen a bar shi ya yi kaushi. Bambancin nan ne ke sa ta karkata a iska. An hana yawu, an bar gumi. Matsalar ita ce gumi ya fi jiƙa fata, ga gishiri, kuma a safiyar Satumba a Ingila wa ke yin gumi? Duk da haka masu jifa ba su rasa abin yi ba, kuma daga Oktoban 2022 hanin ya zama doka ta dindindin.

Tsarin bai tsira daga cutar gaba ɗaya ba. A zagayen ƙarshe, wasan Gloucestershire da Northamptonshire a Bristol an tsayar da shi tun ranar farko, bayan an gano cutar a jikin wani ɗan wasan Northamptonshire da bai ma zo filin ba, amma ya yi cuɗanya da waɗanda suka zo. Akwai kuma Jordan Cox na Kent, ɗan shekara 19, da ya buga gudu 238 ba a fitar da shi ba a kan Sussex, shi da Jack Leaning suka haɗa 423. Ya tsaya ya ɗauki hoto da magoya baya, aka cire shi daga wasa na gaba. Da zafi, amma ban ga yadda za a yi masa sassauci ba tare da dokar ta zama abin wasa ba.

To, ga inda gizo ke saƙar. Rukuni uku, kujera biyu a wasan ƙarshe. Yorkshire ta zo ta ɗaya a arewa, ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta koma gida don makinta bai kai na Somerset da Essex ba. Kwatanta makin ƙungiyoyin da ba su haɗu ba, a filaye daban da ruwan sama daban, ba adalci ba ne, sai dai a ce lokaci ne ya matse.

Wasan ƙarshe a filin Lord's, daga 23 zuwa 27 ga Satumba, kwana biyar. Doka ta ce idan an tashi canjaras, wanda ya fi gudu a zangon farko shi ke da kofi. Somerset ta fara bugu, ta samu 301, Eddie Byrom ya ci 117. Essex ta shigo ta san ainihin abin da take nema: 302 cikin oba 120. Alastair Cook ya zauna ya buga 172, suka tsaya a 337. Daga wannan lokacin Essex ba ta da bukatar cin wasa, hana a ci ta kawai ya rage. Somerset ce ta koma gaggawa, Tom Lammonby ya buga 116, suka dakatar da zangonsu a 272 suka ba Essex 237 a ranar ƙarshe. Essex ta toshe ƙofa, aka tashi tana da 179, an fitar da shida, ta ɗauki kofi. Iyakar oba 120 tana da ma'ana a farkon Agusta, lokacin da jikuna ba su saba ba. A ƙarshen Satumba, bayan wasa biyar, haɗa ta da dokar zangon farko ya mayar da wasan kwana biyar tamkar tseren zango ɗaya. Da an cire iyakar a wannan wasa, ko a raba kofin idan an yi canjaras, da ya fi. Essex dai ba ta saci komai ba: Cook ne ya fi kowa gudu a gasar da 563, Simon Harmer ya fi kowa fitar da masu bugu da 38. Somerset, wadda ba ta taɓa ɗaukar kofin gundumomi ba, ta sake zama ta biyu a bayan Essex, kamar yadda aka yi a 2019.

Indiya kuwa soke babbar gasarta ta cikin gida, gasar Ranji, ta 2020 zuwa 2021 ta yi ɗungurungum, karo na farko tun da aka fara ta a 1934, 'yan wasanta na cikin gida suka shafe kusan shekara biyu ba su buga irin wannan wasa na kwana huɗu ba. Ostireliya ta bi tsakiya, ta tattara ƙungiyoyinta shida a Adelaide suka buga zagayen farko-farko a gari ɗaya.