Dokin da Baba mai gadi ya ƙi yarda da shi

Waɗanda suka san zamanmu na ranar Asabar a shagon Malam mai zanen allunan talla sun san ƙa'idar wurin: kowa ya yi zane kullum a gidansa, ko da na gawayi ne a bayan kwali, ya kawo a duba, kuma ba a gyara wa mutum sai an fara faɗin abin da ya yi daidai. Malam, wanda ya yi karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, shi ya kafa ta, kuma da ita na tashi daga zanen buta har na kai ga hannun mutum mai yatsu biyar cif. Daga nan na ga lokaci ya yi da zan zana doki.

Hawan Daushe na zaɓa, wanda Sarkin Kano ke yi washegarin Sallah ya je Babban Ɗaki gaida mahaifiyarsa, domin tun da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin al'adun gado na duniya a 2024 nake jin bai kamata a bar ni a baya ba. Kili na zana, fari tas, da jalala da linzami, ga mahayi ya sha rawani. Fentin mai ba ya bushewa da wuri, saboda haka na jingina allon a tsakar gida ya sha iska, ƙurar hunturu kuwa ta bi ta manne masa, farin ya koma toka-toka.

Ranar da muka jera ayyukanmu a ƙofar shago, Baba mai gadi, wanda kowa ya san ya yi ƙuruciyarsa a bargar wani hakimi, ya zo ya tsaya gaban nawa ya goya hannuwa a baya. Ya matsa kusa, ya ja da baya, ya karkata kai, ni kuwa ina gefe ina gyara zaman hula, ina shirya yadda zan ce ai baiwa ce daga Allah. Can ya nisa ya ce, "Masha Allah, ɗana, wannan jaki ya ƙoshi. Amma wane mara mutunci ne ya ɗaura wa jaki jalala?"

Na ce, "Baba, doki ne."

Ya sake dubawa, ya sa ɗan yatsa ya auna kunnen, ya auna kan, sannan ya ce, "To, Allah ya ba shi lafiya."

Malam ya yi maza ya bi ƙa'ida, ya ce a lura da yadda na fitar da inuwar da ke ƙarƙashin jakin, ya yi tari, ya ce dokin. Wata Hajiya kuma, don ta kwantar mini da hankali, ta ce a faɗi kuɗinsa za ta saya, domin ya tuna mata da marigayi mahaifinta wanda ya yi sana'ar ɗaukar yashi.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai shayinmu, wanda ya yi dariya har ya zauna a bakin kwata yana riƙe ciki. Mutumin nan ni na zana masa allon teburinsa, buta da kofi da burodi, kuma babu wanda ya taɓa cewa butar nan tulu ce. Ladan da ya yi mini alkawari shayi ne mai kauri kullum da safe har ƙarshen wata, amma tun kafin wata ya raba ya koma ba ni ruwan bunu, yana cewa madara ta yi tsada, alhali ina gani yana tsiyaya wa direbobi.

Yanzu Baba yana kai ni wata barga da yamma, ina zaune da fensir yana nuna mini inda wuya ke haɗuwa da ƙirji da yadda ƙafar baya ke lanƙwasa. Asabar da ta wuce ya duba sabon aikina ya ce ya kai alfadari, 'yan zamanmu suka tafa, Malam ya ce wannan ci gaba ne. Mai shayi dai ya ce allonsa ya fara koɗewa, wai in zo in sake masa fenti, kuma har yanzu bai ambaci madara ba.