Ƙafafu 66 da suka durƙusar da ni a Nima

Tunda har waɗanda ba sa wurin sun ba da labarin, bari ni ma in faɗi nawa.

Kun san rautar da muke jan intanet da ita a majalisar ataya ta unguwarmu Nima a Accra, tsohuwar TP-Link WR841N ɗin nan mai eriya biyu. Ciwonta ɗaya, ƙarancin ƙwaƙwalwa: filash, wato ma'ajiyar manhaja, MB 4, RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, MB 32. Manhajar OpenWrt da na ɗora mata ma, masu yin ta sun sallami irin waɗannan tun bayan sigar 19.07. Da yara sun taru da dare sai ta shaƙe ta mutu ta tashi. Na ce ba sai an sayi sabuwa ba, zan cire aisin ciki, wato ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu ƙafafu da ke liƙe a allonta, in liƙa manya, filash ya koma 16, RAM 64. Na hau torotoro zuwa Circle, na kutsa Tip Toe Lane, layin masu sayar da kayan waya, tunda Agbogbloshie da muke tsintar irin waɗannan kaya an rushe ta tun 2021. Na sayo sabon filash da tsohuwar sandar RAM ta DDR da zan ɓanɓaro aisi ɗaya daga jikinta. Mai kayan har da rantsuwa ya yi cewa za ta yi.

Ina so a rubuta a ajiye cewa aikin filash ya yi kyau. Ƙafafunsa 8 ne, na karance tsohon da na'urar CH341A, na kwashe KB 64 na ƙarshe inda aka adana awon wayfai, wanda in ka rasa shi rauta za ta kunnu amma ba mai ganin sigina, na mayar da shi ƙarshen sabon. Ta tashi lafiya lau. Ban ji wani yana ba da wannan ɓangaren a majalisa ba.

RAM ce ta sa na je teburin Baba mai rediyo aron bulowa, na'urar hura iska mai zafi da ke narkar da dalma. Ita ƙafafunta 66 ne, 33 kowane gefe, tsakanin ƙafa da ƙafa bai kai milimita ɗaya ba, jere kamar haƙoran matsefi. Ka tsaya ka ga mutum da hantsaki a hannun hagu, bulowa a dama, zufa na ɗiga daga hanci tana neman allon. Na ɗaga tsohuwar, na aje a murfin gwangwanin madara, na share wurin, na shafa man liƙi, na dasa sabuwar, na bi ta da dalma ƙafa bayan ƙafa. Inda biyu suka haɗe in tsotse in sake. Kafin in ɗago, jama'a sun cika rumfar, har mai ƙosai ta bar kaskonta.

A gaban kowa kuwa tela ne. Wannan mutum bai taɓa ba da ko pesewa ɗaya a kuɗin intanet ba, amma shi ne ke fara tashi da safe ya sauke bidiyon ɗinki, kuma shi ne ke fara cewa "yau abin naku ba ya ja". Abin naku! Yadina na Sallah yana shagonsa tun azumi, duk ranar da na je sai ya nuna mini aljihu ɗaya da ya yanka ya ce saura kaɗan. A wurin nan ya dafa kafaɗata yana numfashi a kunnena, yana cewa "ɗan'uwa, hannunka na rawa". To yaya ba zai yi rawa ba, kai kana jingine da shi? Mutumin da wuyan riga ke gagararsa shi ne yake koya mini miƙe layi.

Na gama, na hura, na ce a ba ni wuri. Na jona wuta. Fitila ɗaya ta kama, ta tsaya cak, sauran ko ƙyaftawa. Na cire na sake jonawa. Na ce ai takan ɗan jima a karon farko. Aka yi shiru ana jiran ta jima. Tela ya ɗaga wayarsa sama yana juyawa yana neman sigina, don dai kowa ya gani.

Sai yaron Baba, ɗan koyon nan da ake aika sayo ruwan leda, ya ɗauki sandar da na ciro aisin, ya kai ta haske, ya matse ido ya karanta lambar. Ya ce, "Yaya, wannan ai x8 ce."

Na ce, "Ita ma MB 64 ce, je ka kawo ruwa."

Ya ce, "E, Yaya, girmansu ɗaya, ƙafafunsu ɗaya, amma rauta x16 take ci. Wannan rabin hanyoyin kawai take da su. Ko ka liƙa ta da zinariya ba za ta tashi ba."

Da ladabinsa ya faɗa, hannu a baya, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Baba bai ce uffan ba, sai ya zare tabarau ya goge da bakin riga ya mayar. Tela ya ce, "x nawa ka ce, yaro?" Don a maimaita. Aka maimaita masa.

Na ce ba komai, a mayar da tsohuwar. Na duba murfin gwangwani, wayam, wani ya ɗauka ya zuba gyaɗa. Nan na sauka ƙasa, gwiwa biyu hannu biyu, fitilar waya a baki, ina laluben ƙarƙashin benci har bakin kwata. Ina cikin haka na ga silifa masu duwatsu sun tsaya a gaban hancina. Na bi su da ido zuwa sama. Hajiya ce, ta gidan Mamobi, wadda Kawu yake shirin kai wa goro a kaina.

Na zare wayar daga baki, yawu ya biyo ta. Tunda na riga na durƙusa, sai na zarce da gaisuwa. "Ina wuni, Hajiya." Ta ce, "Lafiya lau, ɗana. Kuɗi ka yar?" Kafin in haɗa amsa tela ya ce, "Ƙwaƙwalwa yake nema, Hajiya." Ta dube ni, ta dubi kwatar, ta ce, "Allah ya sa a gani," ta gyara mayafi ta wuce. Mai ƙosai ta yi dariya har ta zauna a kan buhun gawayi.

An ga aisin daga baya, maƙale a ƙasan takalmin wanda kuke zato, ƙafafun gefe guda sun kwanta. Ya ce shi bai taka komai ba.

Yaron ya ce in na samo x16 in kawo ya dasa mini, ba zai karɓi ko sidi ba. Na ce zan duba lokacina. Rautar na cikin leda a saman kwabet, kowa ya koma sayen datarsa, kuma jiya tela ya aiko a tambaye ni ko ina da caja mai siririn baki.