Yadda na kama ɓarawon data a cikin gidana

Giga 10 na saya ranar albashi, na wata guda. Wata bai kai rabi ba saƙo ya shigo wai ta ƙare. Na danna *310# don in huce da ganin katin naira 2,000 da na ajiye saboda kira, sai na tarar da naira 37. Ashe da datar ta ƙare wayar ba ta tsaya ba, ta juya kan kuɗin kira tana ci a farashin da ba na ƙunshi ba, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Tun da hukumar kula da sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 a kan kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, kowa a teburin mai shayin unguwarmu ya zama lauya, hukuncin kuma ɗaya ne: kamfani ne ke sata. Ina cikin zuba hujjoji, wani mai gyaran waya ya ajiye kofinsa ya ce, “Malam, kawo wayar.”

Ya shiga saiti, ya nemi wajen layuka da intanet, ya buɗe shafin da ke nuna amfanin data. Kowace wayar Android tana da shi, ko Tecno ce ko Samsung, sunan ne kawai ke ɗan bambanta. Abu na farko, ya gyara ranar fara lissafi ta dace da ranar da na sayi datar, domin waya daga 1 ga wata take ƙirgawa in ba a gaya mata ba. Sai ga manhajoji sun jeru daga babban mai laifi zuwa ƙarami. WhatsApp giga 1.4, Facebook 1.9. A can sama kuwa, da giga 4.6, hosfot ne, wato raba wa wata waya intanet ɗin wayata ta Wi-Fi.

“Wa kake kunna wa?”

Na ce ƙanina ne, shi ma minti biyar-biyar, don ya duba sakamakon jarrabawa.

Mai gyara ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce wayar da ta hau hosfot ɗinka tana iya ɗaukarsa Wi-Fi na kyauta. Duk aikin da aka ce mata ta jira sai an samu Wi-Fi, a lokacin take tashinsa: Play Store ya hau sabunta manhajoji, Google Photos ya hau tura hotuna da bidiyon biki sama, WhatsApp ya hau sauke duk abin da ya tara. Kamar ka ce wa baƙo bismilla ne, ya leƙa waje ya kira 'yan unguwarsu. In kwamfuta ce mai Windows abin ya fi muni, sabuntawa ɗaya tana iya lashe giga da dama yaro yana zaune yana kallon allo da fuskar salihai.

Da na koma gida na kira wanda ake tuhuma. Ya ce, “Wallahi Yaya, sakamako kawai na duba.” Kuma da gaskiyarsa, shi sakamako ya duba, wayarsa ce ta yi walima. Na karɓe ta, na shiga saitin Wi-Fi ɗinta, na danna sunan hosfot ɗina, na mayar da shi layi mai awo, wato wanda ake biyan kuɗi a kansa. Da wannan manhajojin da ke jiran Wi-Fi sai su ci gaba da jira. A tawa wayar na canza kalmar sirri, na rage adadin masu hawa zuwa waya ɗaya. A nan na ga wata waya ta biyu a jerin waɗanda suka hau, da sunan da ban sani ba. Yaron maƙwabta ya daina gaishe ni tun daga ranar.

Sai WhatsApp. A cikin saitinsa akwai wajen ajiya da data, a ƙarƙashinsa akwai abin da zai sauke da kansa in ana kan datar waya: hotuna, sauti, bidiyo, takardu. Na tarar duka huɗun a kunne, ga ni kuma cikin zauren dangi inda bidiyon wa'azi ɗaya ke shigowa sau uku daga gwaggo uku. Na kashe su duka. Saƙon murya dai ba ya jin magana, shi da kansa yake sauka, amma ba shi da nauyi. Facebook na hana shi kunna bidiyo da kansa. Play Store na ce kada ya sabunta komai sai da Wi-Fi. YouTube na sauko da ingancin hotonsa daga 720p, wanda ke cin wajen giga ɗaya a awa, zuwa 360p da ke cin kusan kashi ɗaya cikin uku na hakan. A allon waya dai ɗan wasa bai canza kama ba.

Abin da ya fi komai amfani shi ne iyaka. A shafin nan na amfanin data akwai gargaɗi, akwai kuma iyaka. Gargaɗi sanarwa kawai yake yi, iyaka ita ce ke yanke intanet ɗin ɗungurungum. Na sa gargaɗi a giga 8, iyaka a 9.5. Kada a sa ta daidai 10, domin lissafin waya da na kamfani ba sa zuwa ɗaya, tazarar nan kuwa ita ke faɗawa kan kati. Ainihin abin da ya rage *323# ne ke faɗa. Mai layi biyu kuma ya kashe saitin da ke sa waya ta tsallaka ɗaya layin da kanta in sabis ya yi rauni, don layin da ba shi da data kati zai ci.

Akwai maɓallin tsimin data da ke hana manhajoji aiki a ɓoye. Yana aiki, har ya wuce gona da iri. Ranar da na kunna shi uwargida ta turo saƙon cefane da la'asar, bai shigo ba sai da na buɗe WhatsApp a ƙofar gida bayan isha'i, hannuna na dukan cinya. Ta ce, “Maigida, tsimin har ya kai kan attarugu?” A cikin saitin akwai jerin manhajojin da ake yi wa afuwa, sai a sa WhatsApp da manhajar banki a ciki.

Watan da ya biyo baya ya ƙare da ragowar giga 3. Ina zaune ina murna sai ga ƙanina ya durƙusa gefena. “Yaya, tunda hosfot ya zama haram, ai akwai *321#. Danna kawai za ka yi, ka turo mini rabi. Har na rubuto maka lambata a takarda.”