Man gyaɗa ya fi ruwa kauri, amma bai fi shi nauyi ba

A makon jiya na shiga ajina na ƙaramar sakandare a nan Sakkwato riƙe da gorar ruwa wadda na yanke wa wuya, da zuma rabin kofin shayi, da man gyaɗa, da zoɓo marar sukari. Kafin in zuba komai sai na tambayi yaran: tsakanin ruwa da man gyaɗa, wanne zai zauna a ƙasa? Kusan duk ajin suka ce mai, kuma hujjarsu ɗaya ce, wato ya fi kauri. Waɗannan yara kuwa kullum suna ganin mai yana yawo a saman miyar gidansu, amma ba wanda ya taɓa haɗa musu abin da ke cikin tukunya da abin da ke cikin littafi.

Zuma na fara zubawa a tsakiyar gorar, don kada ta shafi gefe. Sannan na karkata gorar, na bar zoɓon ya gangara a hankali ta bayan cokali, daga ƙarshe man gyaɗa ya biyo. Hawa uku suka tsaya, ruwan ƙasa-ƙasa a gindi, ja a tsakiya, rawaya a sama. Ƙaramar ƙusa da muka jefa ta ratsa su duka ta kwanta a ƙasa, guntun karan dawa kuwa ya tsaya a kan man. Wata yarinya da ke benci na gaba ta ce, "Malam, ashe kauri daban, nauyi daban."

Abin da littafin kimiyya ke kira densiti ke nan, wato nauyin abu idan an auna shi da mudu ɗaya da waninsa. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta zuma wajen kilo 1.4, ta man gyaɗa kuwa kusan giram 920. Dalilin da ya sa na hana sa sukari a zoɓon shi ne, sukari yana ƙara wa ruwa nauyi. Wanda ma zuma ta yi wa tsada zai iya dafa sukari mai yawa a ruwa kaɗan ya maye gurbinta.

Ra'ayina shi ne, mu malamai mun cika fakewa da rashin ɗakin gwaji. Gaskiya ne makarantu da yawa ba su da kayan aiki, kuma alhakin gwamnati ne ta samar, amma wannan darasin ba ya jiran kowa, domin kayansa suna madafin kowane gida. Abin da zan gargaɗi 'yan'uwana a kai kawai shi ne kananzir da fetur: kada a kai su aji, balle a zafin bazararmu da ke haura digiri 40. Ya isa a faɗa wa yara da baki cewa sun fi ruwa sauƙin nauyi, shi ya sa watsa ruwa a gobarar fetur ke yaɗa wutar maimakon kashe ta.

Da aka kusa tashi na rufe bakin gorar na girgiza ta sosai. Zumar ta narke cikin zoɓon, man kuwa bayan 'yan mintoci ya sake tattaruwa a sama, sai na ba su aikin gida su zo mini da dalili ranar Litinin.