Motsa jiki na taimakawa, amma ba zai maye gurbin likita ba

Wani labari da na karanta ya ce motsa jiki da isasshen barci da addu'a da zama cikin abokai suna rage wa maza damuwa, wallahi na yarda, ko tafiyar minti 30 a rana tana sauƙaƙa ciwon in bai yi nisa ba. Amma an bar baya da ƙura. Namijin da ya daina cin abinci, kullum yana kwana ido biyu, abu kaɗan ya hau masifa da iyalinsa, ka tambaye shi ya ce maka lafiya lau, wannan fa atisaye kaɗai ba zai fid da shi ba, likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) sun nuna mazan da ke kashe kansu a duniya sun ninka mata fiye da sau 2, mu kuma har yanzu muna ta cewa namiji ba ya kuka. Kai kuma ɗan'uwa da ka rubuta wai ganyayyaki sun wadatar, ka san ganyen St John's wort, wanda wasu ke sha don damuwa, yana rage ƙarfin wasu magunguna, kuma haɗa shi da ƙwayar maganin damuwa haɗari ne babba? Ka tambayi likita kafin ka ba wani wannan shawarar?